Baba ya fara takawa, amma kar a daina gwajin jini

Kai matashin Gwarzo ko Kabo da aka sallami mahaifinka daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki, barka da arziki. Sai dai kar ka cusa katin asibitin nan ƙarƙashin katifa. Wanda ciwon ya taɓa kamawa yana cikin haɗarin sake kamuwa ko samun bugun zuciya, musamman a watannin farko.

Jini kan nuna alama tun kafin mutum ya faɗi. Gwajin HbA1c yana nuna yadda sukari ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Gwajin kitsen jini yana nuna yawan LDL, kitsen da ke toshe jijiyoyi. Masu bincike kuma suna nazarin CRP, alamar kumburi a jiki, da troponin da NT-proBNP masu nuna zuciya ta jigata, don gane wanda ciwon zai fi saurin dawo masa.

Binciken SIREN na Najeriya da Gana, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya shiga, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ciwon. Don haka awonsa dole ne.

Kai ne mai babur, kai ne mai waya. Sa ranar komawa asibiti a wayarka. Tambayi likita a Babban Asibitin Gwarzo gwajin da ya dace da Baba. Wanda babu, a tura ku Kano. Kuɗin da nauyi, gaskiya ne, amma yadda ake haɗa gudummawar biki, haka za ku haɗa wannan. Kuma kar a ajiye magani don an ga sauƙi.