Kafso Ba Goro Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya je hutu gida a Balan, ko wani ƙauye na ƙasar Gaya da Ajingi, ya ga abin da za mu faɗa. Ranar kasuwa sai ka tarar da yaro ɗauke da faranti cike da kafso mai ja da rawaya da ƙwayar Flagyl, rana na dukansu. Can gefe kuma ga mai lasifika yana rantsuwa cewa garinsa na wanke dattin ciki, ya kashe basir, ya kori sanyi. Dattijo ya zo yana kukan kumburin ciki, sai a miƙa masa ƙwaya biyu kamar ana rabon goro, ya kora da fura. Wai an yi magani ke nan!

To, bari mu warware zare da abawa. Allah Ya zuba ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa a babban hanjin ɗan Adam, suna yi masa amfani. Ƙaramin hanji kuwa kaɗan ne rabonsa. Idan suka yi yawa a can, sai ciki ya kumbura, iska ta cika shi, gudawa ta biyo baya, mutum ya yi ta ramewa. Likitoci kan gano wannan ta awon numfashi bayan an sha ruwan sukari, sa'an nan su zaɓi maganin da ya dace, su yanke kwanakin shansa. Amma fa tsutsar ciki da atini da gyambon ciki duk suna iya zuwa da irin waɗannan alamu. Shin yaron faranti da mai lasifika, da wane ido suka leƙa cikin dattijon nan?

Ƙwaya biyu ba ta kawar da cuta, sai dai ta kashe raunanan ƙwayoyi, ta bar masu taurin kai su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai, cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27, kuma yammacin Afirka ne aka fi jin jiki.

Ba mu raina maganin iyaye da kakanni ba. Abin da muke ƙi shi ne garin da ba a san sunan itacensa ba, balle ma'auninsa.

An kafa hukumar NAFDAC a 1993. A 2024 an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro. Madalla! Amma talakan Balan ba a Dangwauro yake sayen magani ba. Muna kira ga hukuma ta sauko kasuwannin ƙauye, ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuma su wadata asibitocin karkara da kayan awon bayan gida da ma'aikata.

Mu ma 'yan boko laifi tudu ne. Wane ne a cikinmu bai taɓa ba abokin ɗakinsa ragowar kafso ba? In mun koma gida, mu kama hannun iyayenmu mu kai su awo kafin a sha komai. Allah Ya ba mu lafiya, amin.