Hayaƙin Ulanbato: a daina ganin laifin talaka

Jama'a, a daina ɗora wa talakan Mongoliya laifin hayaƙin da ke turnuƙe Ulanbato. Duk duniya babu babban birnin ƙasa da ya kai shi sanyi. Fiye da rabin mutanensa suna zaune ne a unguwannin tantunan ulu da ƙananan gidaje, inda bututun ruwan zafi mai ɗumama tsakiyar birni bai kai ba. Da yawansu makiyaya ne da tsananin hunturu ya kashe wa dabbobi. To in ba su hura kwal ba, da me za su kwana?

A 2019 gwamnati ta haramta ƙona ɗanyen kwal, ta kawo dunƙulallen da aka sarrafa. Hayaƙi ya ɗan ragu, amma sai ga mutane suna mutuwa cikin barci saboda iska mai guba daga murhu.

Ai tulun da ke yoyo ba canjin ruwa yake buƙata ba. Ɗumin nan ta rufi da ƙofa yake zurarewa, shi ya sa ake ta ƙara wuta. A tallafa musu su ninka rufin tanti, su toshe kafofi, a kuma ƙarfafa layin lantarki ya iya ɗaukar na'urar ɗumama ɗaki. Wannan fa aikin gwamnati ne, kuma huhun yara ba zai jira ba.