Gargaɗi ga Mai Nufin Tafiyar Ƙasa a Aikin Hajji

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, kun sani kakanninmu da ƙafa suka je Makka. Su tashi daga Kano, su bi Barno, su ratsa Wadai da Darfur, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, kana su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙara gaba. Mutanen nan ba su tashi da ka ba. Suna da sanda da salkar ruwa da garin gero, suna bin madugu, su yi sammako, su sauka zango kafin rana ta take.

Waccan hanya ta toshe, ga yaƙin da ya tashi a Sudan a 2023, ga shi ba a shiga Makka sai da biza da izini. Amma tafiyar ƙasa tana nan. Tsakanin Makka da Arfa kusan kilomita 20 ne, mota takan maƙale cikin cunkoso, jifa kuwa kwana uku ko huɗu ana zuwa ana komowa. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, 83 cikin ɗari marasa izini ne, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa.

Abin da muke ƙi shi ne faɗar waɗansu cewa shiri raunin tawakkali ne. Wannan jahilci ne. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa mutanen Yaman sun kasance suna zuwa hajji ba guzuri, wai su masu tawakkali ne, in sun iso Makka su shiga roƙo, sai aka saukar da umurni da yin guzuri. Kuma Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ga tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu don ya yi bakancen tafiya ƙasa, ya umurce shi ya hau.

To, farkon guzuri ƙafa. Kada ka sayi takalmi a kasuwar Makka ka sa shi ran Arfa. Sabon takalmi bororo yake haifarwa, bororo in ya fashe ya zaunar da ƙato. Nemi mai kauri a ƙasa, mai maɗauri, wanda bai rufe idon sawu ba, ka yi wata biyu kana zuwa masallaci da kasuwa cikinsa, kullum kana ƙara nisa. Silifa ta banɗaki ce. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, don yakan ji rauni bai sani ba. Kada kuma a ji kunyar wannan: mai harami ba wando gare shi, cinyoyi kan goge har su saluɓe, sai a shafa basilin marar ƙamshi tun kafin a tashi.

Sai ruwa. Sha kafin ƙishi ya zo. Gumi da gishiri yake fita, saboda haka zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita ɗaya, ka riƙa kurɓa. In fitsari ya yi ja, ruwa ya gaza. In abokin tafiya ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ku kai shi inuwa, ku kwarara masa ruwa, ku kira likita nan take.

Batun laima, mun san malamanmu na Malikiyya sun tsananta ga mai harami. Amma Muslim ya ruwaito Usama da Bilal suna tare da Annabi, ɗayansu ya ɗaga tufarsa yana kare shi daga zafi har ya jefi Jamratul Aƙaba. Riƙe farar laima, kada ta taɓa kai.

Kaya kuwa, ƙaramar jaka ta isa: gora, dabino, magani, tabarma mai naɗuwa, da katin tantinka. Malaman da ke karantar da maniyyata, ku sa wannan babi bayan babin harami, ku fita da su bayan Asuba ku taka tare. Wassalamu.