Ƙiba ba shaidar lahiya ba ce

Ƴan uwa, a garuruwanmu idan mutum ya yi tumbi sai a ce ya samu daula. Ni ban yarda da wannan magana ba.

Jikin mutum kamar gida ne mai murhu da rumbu. Abincin da muka ci, jiki yana ƙona shi don ya samu ƙarhi. Ko muna barci, murhun ba ya mutuwa. Abin da ya rage sai jiki ya aje shi, ya zama kitse. Murhun wani ya hi na wani ci. Shi ya sa mutum 2 suke cin tuwo akushi ɗaya, wannan ya yi ƙiba, wancan ya tsaya siriri. Akwai gado cikin lamarin, akwai kuma yawan motsi.

Da damana, aikin gona yana ƙone abin da manomi ya ci. Da rani kuwa sai zaman hira da shayi mai sukari. Man girki ya ninka hatsi ƙarhi sau 2, in nauyinsu ɗaya ne. Ƙiba mai yawa tana jawo ciwon sukari da hawan jini.

Hura da tuwo ba su da laihi in an ci daidai. A rage sukari da soye-soye, a ƙara ganyen zogala, a kama aikin garka.