Zare: Batir randa ce, ba rijiya ba

1/ Hutun nan na je Kabo gaida Kawu, na tarar da batura biyu masu 200Ah jingine a zaure, sun kumbura kamar an hura musu iska. Wata tara kacal da saye, kuma kuɗin masarar da ya noma ne. Yau sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. 🧵

2/ Wanda ya haɗa masa (ba zan kama suna ba, Injiniya kowa ke ce masa) tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji nawa ne a hannunka?" Bai ƙirga fanka ba, bai tambayi awa nawa ake samun wuta ba. Ya ce "zai ɗauki komai, har firiza." Yanzu kuma wai kayan zamani ne ba su da ƙarko, a ƙaro biyu.

3/ Kuma ba Kawu kaɗai ba ne. Ku bi titin nan daga Rimin Gado zuwa Kabo, Garo, Gwarzo har Getso, labarin ɗaya ne. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 janareto ya zama kayan ado a gidaje da yawa.

4/ Sai ga Oktoba 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna a lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Jama'a suka yi caa kan inbata da sola, duk mai filaya da sukuddireba ya wayi gari injiniya.

5/ Mu ma da laifinmu fa. A majalisa abin da ake tambaya shi ne "naka kVA nawa ne?" kamar ana maganar girman mota. Malam, inbata moɗa ce, batir ne randar. Babbar moɗa ba ta ƙara ruwa, saurin ƙarar da shi ma take yi. Mai 5kVA a kan batir ɗaya da mai 1kVA a kan batir ɗaya, ruwansu ɗaya.

6/ To nawa ne a randar? Batir 12V mai 200Ah: 12 sau 200, 2,400Wh ke nan a takarda. Amma batir na ruwa ko na gel, in kana so ya yi shekaru, rabi kawai za ka riƙa ɗiba: 1,200. Inbata kuma tana cin nata wajen juya wutar, kamar kashi 15 cikin 100. Abin da zai iso ga fankarka bai wuce 1,000Wh ba.

7/ Wato kaya masu cin wat 100 na awa 10. Shi ke nan. Wannan ƙaton abin da sai mutum biyu sun kama, fankar sama ɗaya da ƙwan fitila uku ne na dare guda.

8/ Mu yi lissafin gidan Kawu, wanda Injiniya bai yi ba. Fankar sama biyu, wat 70 kowace, awa 10: 1,400. Ƙwai shida masu wat 10, awa 5: 300. Talabijin da dikoda, wat 80, awa 4: 320. Cajin wayoyi da kwamfutata in na zo, a ce 130. Jimla 2,150. Da kason inbata, kusan 2,500Wh a dare.

9/ Ninka biyu saboda dokar rabi: 5,000Wh. Batura biyun nan 4,800 ne. Ka ga da ƙyar ma suka kai, kuma ba a sa firiza ba tukuna! Firizar Inna ta zoɓo da ƙanƙara, a zafin nan, za ta iya lashe fiye da 1,000Wh ita kaɗai a yini. Kullum sai inbata ta yi kuka ta mutu da kanta ake barin baturan. Me kuke so su yi?

10/ Amma ga inda na fi jin takaici, don ko masu ɗan lissafin nan suke tsayawa. Randa ba ta haifar ruwa. Wa zai cika ta? In ka ɗebi rabin 200Ah, sai ka mayar da 100Ah. Caza mai amfiya 20 na buƙatar awa 5, sannan ƙarin awa biyu ko uku na ƙarshe da batir ke sha a hankali kafin ya ƙoshi.

11/ Ƙananan inbatoci da yawa ma amfiya 10 zuwa 15 suke bayarwa. Ka tashi da awa 8, 10, ko fiye, na wuta mai ƙarfi ba mai lumshe ido ba. KULLUM.

12/ A tsarin NERC, Band A ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, su ne aka kai wa kuɗin wuta N225 a Afrilun 2024. B awa 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ka duba takardar wutar gidanku ka ga harafinku. Sannan tsakaninka da Allah ka ƙirga awannin da ka gani da idonka a satin nan.

13/ Lissafin da ake kwafowa daga YouTube na wanda wutarsa ke ɗaukewa awa uku ta dawo ne. Shi batir ɗinsa ɗan tsaron gida ne. Namu shi ne mai aikin gaba ɗaya, wutar ce baƙuwa.

14/ Batirin da ke kwana a rabi ya tashi a rabi, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan dalmar cikinsa, kullum randar na ƙara tsukewa. Shi ya sa "a ƙaro biyu" ke ba ni haushi. Cazar da ta kasa cika biyu ce za ta cika huɗu? Gawa biyu ce za ta koma huɗu. Balle a haɗa sabo da tsoho, tsohon ya ja sabon su tafi tare.

15/ Ga zafi. 200Ah ɗin nan a ma'aunin zafi 25 aka auna shi. Duk ƙarin kamar 10 a kan haka yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Mu da Afrilu ke wuce 40, sai a kai shi sito mai rufin kwano ba taga a rufe. In na ruwa ne kuma a manta da duba ruwansa, ko a ɗura masa na leda. Haba jama'a.

16/ Na san abin da za a ce a ƙasan zaren nan: "talaka abin da ya samu yake saya, ku 'yan boko kun cika lissafi." Kawu ma haka ya ce min, "ɗan nan, karatun naka ne ya motsa?" To wa ya fi talaka buƙatar lissafi? Mai kuɗi in batir ya mutu gobe zai sake. Kawu sai kaka ta zagayo.

17/ Wasu kuma: "ka sayi lithium ka huta." Eh, LiFePO4 na gaskiya ana ɗibar kashi 80 zuwa 90 cikinsa, yana saurin caji, bai damu da kwana a rabi ba. Amma shi ma randa ce. In ba abin cika shi, ka sayi akwati mai tsada ne kawai. Kuma kasuwa cike take da na kwance da aka sake wa riga.

18/ Ga mai batirin dalma, kai shi kan sikeli. 200Ah na gaske yana kaiwa wajen kilo 55 zuwa 65. In ka ɗaga shi da hannu ɗaya kana waya da ɗayan, rubutun jikinsa ƙarya yake.

19/ Abin da na ce wa Kawu: kafin sabon batir, farantin sola. Rana ce ba ta saɓa mana alƙawari, muna samun kamar awa 5 na ƙarfinta. Mayar da 2,500Wh da asarar hanya na son wat 800 zuwa 1,000 na faranti, saboda ƙurar hunturu da hadarin Agusta. Kuma a riƙa gogewa.

20/ Sannan a rage ɗiba. Fankar DC mai wat 25 maimakon mai 70: biyu a awa 10 sun koma 500 daga 1,400. An tsira da 900Wh, kusan aikin batir guda, da kuɗin da bai kama ƙafar na batir ba. Ayan guga da hita kuwa kar ma su ji ƙanshin soket ɗin.

21/ Duk wanda zai haɗa wa gidanku, ku sa ya rubuta a takarda: wat nawa, awa nawa, da me za a cika, cikin awa nawa. In ya ce "ai ni a ido nake ganewa," ku ba shi ruwa ya sha ku raka shi bakin titi.

22/ Kawu dai ya yarda da fankokin, farantai kuma ya ce sai ya sayar da wake. Rigimar da ta rage ta firiza ce. Na ce a riƙa kunna ta da rana a kashe da magariba, Inna ta ce in ƙanƙararta ta narke ni zan biya daga kuɗin makarantata.