Katafila Za Ta Ƙarasa Abin Da Yaƙi Ya Rage

Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025, zance ɗaya ake yi: a kwashe ɓaraguzai, a sake gini. Madalla. Amma ina tambaya: wa zai tsaya a bakin rami idan katafila ta fara haƙa?

A dubi Soba, a gefen Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 20 daga Hartum. Nan ne babban birnin daular Alwa, wadda ta shekara ɗaruruwa kafin ta faɗi wajen 1500. Da Turkawa suka kafa Hartum bayan 1821, jan bulon Soba aka riƙa kwasowa ana gini da shi. A zamaninmu kuma kwalta ta ratsa kufan, gidaje suka hau kan babban ɓangarensa. Wannan duk a lokacin zaman lafiya aka yi shi. Ina ga yanzu da kowa ke gaggawa?

Haka Umdurman. Ƙubbar Mahadi, gidan Halifa Abdullahi da ƙofar Abdulƙayyum suna cikin 'yan abubuwan da ido ke gani. Mafi yawan birnin Mahadiyya na 1885 zuwa 1898 yana ƙarƙashin unguwanni, kuma cikin waɗanda suka zauna a can har da mutanenmu da suka taso daga yamma.

Na san amsar da za a ba ni: mutane ba su da wurin kwana, kai kana zancen tsingaro? Wannan hujjar ɗan kwangila ce da ya aro rigar tausayi. Ba wanda ya ce a dakatar da gina asibiti. Cewa aka yi a saka masanin kayan tarihi cikin yarjejeniyar aiki, ya bi haƙar tushe, ya auna, ya ɗauki hoto, ya kwashe abin da ya fito, leburori su ci gaba. Sudan tana da dokar kare kayan tarihi tun 1999, tana da hukuma, tana da ƙwararru. Biyansu bai kai kuɗin sumuntin katanga ba.

Da dama daga cikin kayan da aka wawashe a gidan tarihi na ƙasa suna da lamba da hoto, ana iya bin sawunsu. Abin da katafila ta niƙa tun ba a rubuta shi ba, babu mai sanin ya taɓa wanzuwa.

Mu ma kada mu yi dariya. Duk wanda ya ga yadda shaguna suka cinye badalar Kano ya san gemunmu ma ya kama wuta.