A Fitar Da Mu Waje Mu Kalli Bishiya Kafin Mu Zana Ta



In aka ce mu zana bishiya, yawancinmu sai mu ja layi biyu, mu ɗora ƙwallo a kai, mu shafe da kore. Darbejiya, kuka, mangwaro, duk kamarsu ɗaya a littattafanmu. A ganina ba rashin baiwa ba ne. Matsalar ita ce a cikin aji muke zana bishiya, alhali tana tsaye a waje.

Ku ji yadda Claude Monet, mai zane ɗan ƙasar Faransa, ya yi nasa aikin. A shekarar 1891 ya zana wasu dogayen bishiyoyi sirara da ke jere a bakin kogin Epte, kusa da ƙauyen Giverny inda yake zaune. Fentin mai yake amfani da shi, wato garin launi da aka kwaɓa da mai. Irin wannan fenti yakan yi kwanaki bai bushe ba, don haka mai zane na iya komawa ya ƙara ko ya gyara.

Monet yakan shiga kwalekwale da ƙyallayen zane da dama. Da hasken rana ya canza, sai ya ajiye wanda yake yi ya ɗauki wani, ya jira irin wannan haske ya sake dawowa. Ba ya shafe ganye da kore guda. Ɗigo-ɗigo yake jera kore da rawaya da shuɗi, domin haka idonsa ya gani. Bishiyoyin nan dai ya zana su fiye da sau 20.

Yana cikin aikin aka sa bishiyoyin a gwanjo za a sare. Sai ya haɗa kai da wani mai sana'ar katako, ya sa kuɗinsa, don a bar su tsaye har ya gama.

Wani zai ce fentin mai yana da tsada, mu ina muka gan shi? Gaskiya ne. Amma kallo ba a sayensa, kuma fensir ko gawayi ya ishe mu farawa.

Don haka ina roƙon malamanmu na zane, ko sau ɗaya a wata, su fitar da mu gindin bishiya. Kowa ya zaɓi guda, ya zana ta da safe bayan asambili, ya sake zana ta dab da tashi, mu ga inda inuwa ta koma. Ɗalibin da ya yi awa guda yana ƙare wa reshe kallo, da wuya ya karya shi gobe.

Daga ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare